A tsaye ake saiti: abin da kafinta ya koya mini a teburin sunuka

Ranar wata Alhamis da la'asar sakaliya, kasuwar Maigatari ta fara watsewa, manyan motocin shanu suna ta kama hanyar kudu, na fake a wata rumfar kwano ina jiran motar Gumel ta cika. Teburin sunuka guda ne a rumfar. Koren ƙyallensa ya koɗe, an kuma tokare ƙafarsa ɗaya da nannaɗaɗɗen kwali. Wani saurayi da ƙurar kara ta yi wa fari har gira yana karawa da abokinsa. Baƙa kaɗai ta rage masa, ga ta nan bai fi taƙi biyu tsakaninta da rami ba. Ya sunkuya, ya yi ta goga sanda gaba da baya kamar mai wasa wuƙa, sannan ya narka wa fara duka. Baƙa ta bugi leɓen rami, ta yi rawa, ta fito.

Ya miƙe yana huci. "Wallahi teburin nan a karkace yake!"

Bai yi ƙarya ba, teburin a karkace yake. Amma ba karkatar ce ta ci shi ba. Daga inda nake zaune na ga ƙafarsa ta baya tana can gefe, nesa da layin bugun, na kuma ga kansa ya tashi tun kafin sanda ta taɓa fara. Ko a kan teburin da ake gasar duniya aka ɗora shi, baƙar nan ba za ta shiga ba. Ban ce masa komai ba, don ni ma na yi shekaru ina zagin tebura da ba su ji ba ba su gani ba.

Abin da muke kira sunuka a rumfunan Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, a gaskiya ƙanen sunuka ne: ƙaramin tebur, ƙwallaye masu lamba, bakwai naka bakwai na abokin karawarka, wanda ya gama da nasa ya jefa baƙa mai lamba 8 ya ci. Sunukar asali hafsoshin sojan Birtaniya ne suka ƙirƙiro ta a garin Jabalpur na Indiya a shekarar 1875. Teburinta ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, ƙwallayenta 22: jajaye 15 masu maki ɗai-ɗai, masu launi guda 6 daga rawaya mai maki 2 har baƙa mai maki 7, sai fara da ake bugu da ita. Faɗin kowace ƙwallo milimita 52.5 ne, bakin ramin kusurwa kuwa bai kai faɗin ƙwallo biyu ba. Dokoki sun bambanta, amma ido da ƙafa da hannu aikinsu ɗaya ne a kan kowane tebur. Wanda ya gyara su a rumfar bakin tasha, ya gyara su ke nan ko'ina.

Ina ɗalibi a Kwalejin Ilimi ta Gumel na fara riƙe sanda. Na iya lissafi daidai gwargwado, saboda haka na ɗauka sirrin wasan duk a kusurwa yake, wato sanin inda za a taɓa ƙwallo. Na yi ta zane a bayan littafi. A kan takarda ba na kuskure, a kan tebur kuwa yaran da ba su gama firamare ba suna cinye ni suna dariya.

Wanda ya warware mini matsalar wani dattijo ne kafinta, mutumin wajen Sule Tankarkar da ya zauna a Gumel. Shi ake kira idan ƙafar tebur ta saki ko ƙyalle ya yage. Ba ya wasa da kowa. Idan ya gama gyara sai ya ɗauki sanda ya jefa ƙwallo huɗu ko biyar don ya gwada aikinsa, a hankali, babu ƙara, ya ajiye sanda ya karɓi kuɗinsa. Ban taɓa ganin ya ɓarar ba. Wata rana ya tsaya yana kallona har na ɓarar da ƙwallo uku a jere, sai ya ce, "Ɗana, zo nan. Ka taɓa ganin magini ya ɗora bulo sannan ya ja igiya?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To kai haka kake yi. Sai ka kwanta a kan tebur sannan ka fara neman hanya."

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci a cikin duk abin da zan faɗa. A tsaye ake saiti. Mutumin da yake tsaye yana ganin tebur daga sama, yana ganin fara da ƙwallon da zai buga da rami a lokaci guda. Da zarar ya sunkuya, haɓarsa ta kusanci sanda, duk wannan ya ɓace masa, sai abin da yake gaban hancinsa. Saboda haka aikin zaɓen layi a tsaye ake gama shi. Ka ja da baya taku ɗaya ko biyu daga tebur, ka tsaya a bayan fara, ka ga layin da kake so ta bi kamar igiyar magini da aka ja daga cibiyarka. In da dama kake bugu, ka ɗora ƙafar dama a kan wannan igiya, ka tura ta hagu gaba kaɗan zuwa gefe, sannan ka sauko da sanda da kai tare, kai tsaye, idonka bai bar ƙwallon ba. Bahago ya juya lissafin. Idan ka sauka ka ji a ranka layin bai yi ba, kada ka murɗa sanda ko ka karkata ƙugu don ka gyara. Tashi ka sake. Samarinmu suna jin kunyar tashi, wai kada a ce sun tsorata. Manyan 'yan wasan da ake nunawa a talabijin suna tashi su sake a gaban dubban mutane, ba wanda ya ce musu ci kanku.

To wane layi ne za a zaɓa? A nan yawancin masu koyo suke faɗawa rami guda. Mutum ya leƙa daga bayan ƙwallo zuwa rami, ya gano ɗigon da ya kamata a taɓa, wato wurin da ya fi nisa da ramin a jikin ƙwallon. Daidai ne. Sai ya dawo ya auna tsakiyar fara a kan wannan ɗigo. Nan ya ɓata. Fara ba tsinin allura ba ce, tana da faɗi, kuma in ba bugun miƙe ba ne, gefenta ne yake taɓawa ba goshinta ba. Wanda ya auna ɗigon da tsakiyar fara zai riƙa cin ƙwallo da kauri fiye da yadda ake so, ya yi ta mamakin me ya sa kullum take bugun leɓe ɗaya.

Dattijon nan da ƙwallo ta uku ya nuna mini. Ya ɗauko wata ya manna ta a bayan wadda zan buga, su biyun suna fuskantar rami sak. Ya ce in koma bayan fara in auna tsakiyar wadda ya manna. Da na sauka sai ya zare ta, ya ce in buga wurin da take. Ta shiga. Abin da ake nema ke nan: gurbin da fara za ta kasance a lokacin da ta taɓa ƙwallo, ba ɗigon taɓawar ba. Da farko da ƙwallo ta gaske za ka riƙa yi, ko ka sa aboki ya riƙa zare maka. Bayan 'yan makonni idonka zai fara ganin gurbin ko babu komai a wurin.

Akwai ma'auni guda da ya cancanci a haddace, shi ne bugun rabi. Idan ka auna tsakiyar fara a kan gefen ƙwallo na can ƙarshe, har rabin fara ya rufe rabin ƙwallon, za ta kauce da kusan digiri 30 daga layin da fara ta zo. In fara ta rufe kashi uku cikin huɗu, kaucewar wajen digiri 14 ce. In kashi ɗaya cikin huɗu ta shafa, kusan 49. Ba wai ka zo rumfa da abin awon kusurwa na 'yan makaranta ba. Amfaninsa shi ne ka san bugun rabi kamar yadda dillalin kara ya san sa mai shekara huɗu da kallo ɗaya. Daga nan kowane bugu ya zo sai ka tambayi kanka: wannan ya fi rabi kauri ko ya fi shi siranta? Da haka ake tara sani, ƙwallo bayan ƙwallo, har lissafin ya bar kai ya koma ido.

Shi kansa idon yana da nasa hali. Kafinta in zai duba ko katako ya miƙe, ɗaga shi yake yi ya kanne ido ɗaya ya leƙa tsawonsa, kuma in ka lura kullum ido guda yake bari a buɗe. Yawancin mutane suna da idon da ya fi ɗan'uwansa iko. Ka haɗa hannuwanka ka bar 'yar kafa a tsakani, ka miƙa su, ka leƙa wani abu mai nisa da ido biyu, sannan ka rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai gushe masa ba shi ne shugaba. A sunuka ba a kanne ido, da biyun ake kallo, amma inda sanda take bi a ƙarƙashin fuska yana canza abin da mutum yake gani a matsayin miƙaƙƙe. Ana yawan cewa sanda ta bi tsakiyar haɓa. Ga wasu haka ne, ga wasu kuwa wannan shi ne yake sa su ga karkatacce a miƙe. Joe Davis, Baturen Ingila da ya ci gasar duniya sau 15 tsakanin 1927 da 1946 ba tare da an taɓa doke shi a cikinta ba, idonsa na dama mai rauni ne, don haka ta ƙarƙashin na hagu yake bi da sandarsa. A zamaninmu ma Stuart Bingham da Mark Williams sun koma wajen mai horarwa an gyara musu yadda suke ganin layi bayan sun yi shekaru suna wasa, na farko ya ci gasar duniya a 2015, na biyu a 2018. In waɗannan ba su ji kunyar komawa farko ba, ban ga dalilin da ɗan Gagarawa zai ji ba.

Gwajin gano inda sanda za ta bi a ƙarƙashin fuskarka mai sauƙi ne. Ka jera fara da wata ƙwallo da rami a miƙe sak, ka shimfiɗa sanda a kan layin, ka sauka a kanta ba tare da ka motsa ta ba. Ka ɗan matsa kanka dama, ka ɗan matsa hagu, har ka sami wurin da komai ya bayyana a miƙe. Wurin nan shi ne naka. Ka riƙe shi a kowane bugu.

Masu tabarau kuma suna da tasu matsalar, ni ma yanzu na shiga sahunsu. Idan ka sunkuya, sai ka ga ta saman gilashin kake leƙe, ƙwallon nesa ta zama hazo. Dennis Taylor ya magance wannan da wani ƙaton tabarau da gilasansa suka haura har goshi, mutane suka yi ta yi masa dariya. Da shi ya ci wasan ƙarshe na gasar duniya ta 1985 a zauren Crucible da ke Shefil, bayan Steve Davis ya fara yi masa 8 da nema. Sai da aka kai wasa na 35, aka zo kan baƙar ƙarshe, sha biyun dare ta wuce, mutum miliyan 18.5 suna kallo a Birtaniya. Davis, wanda a lokacin ba a da kamarsa wajen miƙewar sanda, ya sami baƙa kusa da rami ya yanke ta da siranta fiye da kima. Taylor ya zo ya jefa. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji tausayin saurayin Maigatari ya ƙaru.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, ina ake kallo a lokacin bugu? Kana gwaji, idonka ya riƙa kai-komo tsakanin fara da ƙwallon da za ka buga. Amma lokacin da sanda za ta tafi, yawancin ƙwararru a kan ƙwallon da za a buga suke tsayar da ido. Mai harbin tsuntsu da danƙo ba ya kallon dutsen da ke hannunsa.

Yanzu sai hannu, inda na fi shan wahala. Saiti ko ya kai na maharbi kyau, in sanda ba ta tafi a miƙe ba aikin banza ne, kuma na yi imani cikin ɓarar da ƙwallo goma a rumfunanmu, mafi yawa daga nan suke. Dattijon ya kai ni shagonsa ya miƙo mini zarto da guntun katako. Na danna da ƙarfi, zarto ya lanƙwashe, yanka ya kauce. Ya karɓa ya riƙe shi sako-sako, kafaɗarsa ba ta motsi, gwiwar hannu kaɗai take buɗewa tana rufewa. Ya ce, "Ka gani, ɗana? Ba ni nake yanka ba, rakiya nake yi masa."

Haka sanda take so. Ka riƙe ta kamar yadda za ka riƙe ɗan tsako, kada ya kuɓuce, kada kuma ka maƙure shi. Lokacin da kan sanda yake dab da fara, damtsenka daga gwiwa zuwa wuyan hannu ya rataya a tsaye, ba gaba ba ba baya ba. Ɗaya hannun ka shimfiɗa shi a kan ƙyalle, yatsu a baje su kama tebur, babban yatsa ya ɗago ya jingina da manuni, sanda ta bi ta tsakaninsu, tazarar kamar taƙi guda daga fara. Ka yi gwaji sau biyu ko uku, ba goma ba. A ja na ƙarshe ka janye sanda a hankali, ka ɗan dakata kamar mai haɗiye yawu, sannan ka tura ta ta ratsa wurin da fara take, ta wuce, har hannunka ya zo ƙirji. Wannan 'yar dakatawar ita ce take hana fizga. Bayan haka kada ka tashi. Ka zauna a ƙasa har ka ji ƙwallo ta faɗa ko ta tsaya. Son ganin sakamako shi yake ɗaga kai, kai kuma in ya tashi kafaɗa ta bi shi, sanda ta bi kafaɗa.

Wani zai ce ai Ronnie O'Sullivan ba ya ɓata lokaci. Gaskiya ne, a 1997 ya jefa ƙwallo 36 a jere ya haɗa maki 147 cikin minti 5 da daƙiƙa 8. Amma ka nemi hoton wasan a wayarka ka kalli kansa kawai, kada ka kalli ƙwallaye. Tsakanin bugu da bugu yake sauri. A cikin bugun kansa ba ya ko gezau.

Da na koma gida daga shagon dattijon, kwalbar lemo na kwantar a kan teburin karatu, na riƙa zura kan sanda a bakinta ina fitarwa ba tare da ta taɓa gilashi ba. Mahaifiyata ta leƙo ta ga abin da nake yi, ta yi salati ta koma. Gwajin da ya fi wannan tona asiri shi ne na tebur: ka ajiye fara a tsakiyar gefe ɗaya, ka buga ta a miƙe zuwa ɗaya gefen, ka bar sanda a inda ta tsaya. In ka bugi tsakiyarta, za ta dawo ta sumbaci kan sandarka. In ta dawo ta dama ko ta hagu, to gefe ka buga ba ka sani ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da samari suka fi ƙauna, wato murza fara ta gefe don ta yi lanƙwasa a burge 'yan kallo. Shawarata ga mai koyo ita ce ya ajiye wannan tukuna. Idan ka bugi fara ta dama, tana fara tafiya ne ta ɗan kauce hagu, saitin da ka sha wahalar yi ya tashi. Sama da ƙasa sun ishe ka shekara guda. Ka buga sama da tsakiya, fara ta bi ƙwallo. Ka buga ƙasa sosai da sanda a kwance, ta dawo baya. Ka buga ƙasa kaɗan da ɗan ƙarfi a bugun miƙe, ta tsaya cak. Kuma kafin kowane bugu irin wannan a shafa alli, shafawa ba haƙa ba.

Teburanmu dai sai haƙuri. Na gasa da faffaɗan dutse ake shimfiɗa su a ƙarƙashin ƙyalle, namu da yawa katako ne, zafin bazara ya busar da shi, damina ta kumbura shi. Da hunturu ƙura takan kwanta a ƙyalle ta rage wa ƙwallo gudu. A kan irin wannan tebur bugun lallaɓawa yakan bi gangara, shi ya sa yara suka koyi duka. Amma tsakanin lallaɓawa da duka akwai matsakaicin bugu, kuma shi ne yake riƙe layi ba tare da rami ya tofo ƙwallo ba. Sanda kuwa, kafin ka fara ka kwantar da ita a tebur ka mirgina. In tana tsalle, ta lanƙwashe, yawanci saboda jingina ta da bango da ake yi a bar ta cikin rana. Masu rumfa, don Allah, sanda miƙaƙƙiya guda biyu da alli da burushin share ƙyalle ba za su karya jari ba.

Ba zan rufe ido a kan abin da ya sa iyaye da malamai suke ƙyamar rumfar sunuka ba. Inda aka sa kuɗi ya zama caca, kuma inda aka kira salla ana ci gaba da bugu an bar hanya. Ko ta fuskar wasan ma, ban taɓa ganin wanda caca ta gyara wa hannu ba. Mai tunanin kuɗin cefanen da ya ajiye ba ya iya dakatawa a ja na ƙarshe, fizga yake yi. Dattijon da ya koya mini bai taɓa sa ko sisi ba, kuma har ya bar sana'a ban ga wanda ya fi shi miƙewar sanda a Gumel ba.

A 2025 wani matashi ɗan ƙasar Sin, Zhao Xintong, ya ci gasar duniya, karo na farko da wani daga nahiyar Asiya ya yi haka. Ba na cewa gobe za a ga ɗan Maigatari a Shefil. Abin da nake roƙon mai karatu ƙarami ne. Ka je rumfa da safe kafin jama'a su taru, ka biya kuɗin wasa ɗaya, ka ce a bar maka fara ita kaɗai. Ka tsaya, ka ga layi, ka taka shi, ka sauka, ka buga ta zuwa can gefe sau 20, kana ƙirga sau nawa ta dawo kan sandarka. Ni a ranar farko sau 3 ta dawo.